Bayan Baba Ɗanjuma

Uwani ba ta daɗe da kama aikin nas ba ɓarin jikin Baba Ɗanjuma ya shanye. Yana zaune a ƙofar gida da hantsi yana gyaran tarun kamun kifi, zaren ya suɓuce masa, ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin a kira ta daga asibiti bakinsa ya karkace, ƙafar dama ta zama kamar ba tasa ba.

Wan mahaifinta ne. Matarsa ta riga shi, ba shi da ɗa a raye, tun rasuwar ƙanensa ya bar wa iyalin mamacin cikin gidan, yake zaune a ɗakin da ke kusa da turken awaki. Sauran mutanen gidan su ne Inna Kulu, mahaifiyar Uwani, da Yaya Garba mai jirgin inji da ke jigilar mutane tsakanin Wara da ƙauyukan tsallake, sai matarsa Rakiya.

Likitan da ke leƙowa daga Yelwa ya duba shi, ya ce ba abin da gadon asibiti zai ƙara masa. A mai da shi gida, a riƙa juya shi, a riƙa wanke shi, kada a bar shi cikin jiƙa. Uwani ta tara mutanen gida a tsakar gida ta yi musu bayani. Har matashin kai ta ɗauko ta nuna yadda ake tokare bayan mutum da shi. Ta ce in aka bar shi kwance ta gefe ɗaya, fatar za ta mutu, naman ya bi ta.

Garba ya gyaɗa kai ya ce, "Mun gode Allah da anka maido ki gida. Wanga aikinki ne, shi kika karanto a Sakkwato."

Maganar ta yi mata daɗi a ranar. Ba a taɓa saurarenta haka a gidan ba.

Asibitin nasu ƙarami ne, a bakin gari, ta tagar ɗakin maza ana hango ruwa. Nas uku ne a cikinsa: Sista Ladi da ta tsufa a aikin, sai Uwani da Asibi, waɗanda suka gama makaranta tare. Kullum ana cewa za a turo ƙarin ma'aikata. Da damina ta kankama, amai da gudawa ya ɓarke a tungayen masunta, jirage suka fara sauke marasa lafiya maimakon kifi. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda, ana rataye ƙarin ruwa a jikin ƙusa da ƙarfen taga. Wanda ya shiga aikin safe ba ya sanin ranar fitarsa.

Da farko Uwani tana ƙoƙari. Kafin ta fita takan shiga ɗakin Baba ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta sauya zanen shimfiɗa, ta tura shi da kafaɗarta har ya juya. Mutum ne mai ƙashi, shekarunsa na tuƙin jirgi ba su tafi a banza ba. Shi kuma yakan kau da fuska bango saboda kunya, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Wata rana ta kwana a asibiti, ba ta dawo ba sai la'asar ɗin washegari. Ta tarar da kwanon kunu a bakin ƙofar ɗakinsa, ya yi fata, ƙudaje sun rufe shi. Baba yana kwance yadda ta bar shi jiya da safe, zanen ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa.

Ta fito da kwanon a hannu. Rakiya tana wanke-wanke.

"Wa ya ajiye wannan a can?"

"Ni ce. Tun da safe na kai mishi."

"Hannunsa ba ya kaiwa, Rakiya. Ko tashi zaune ba ya iyawa."

"To mi zan yi? Surukina ne. Shina kwance ba riga, in faɗa mishi ɗaki? Sai a ce ba ni da kunya."

Uwani ta juya wajen mahaifiyarta, wadda ke tsince shinkafa a faifai. Inna ba ta ɗaga kai ba.

"Kar ki dube ni. Wan mijina ne. Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunanshi bai taɓa fita bakina ba. Yanzu da furfura a kaina zan ɗaga mishi zane? Ki gaya wa wanki, shi ne namiji."

Uwani ta gaya wa Garba da ya dawo. Ya saurare ta yana wanke baƙin mai daga hannunsa da toka.

"Da asuba nike fita, kin gani. In na ɗaure jirgi, mi za a ci a gidan ga? Kuma gaskiya, Uwani, zuciyata ba ta ɗauka. Ran nan na leƙa, wuni na yi ban ci abinci ba. Ke kin saba."

"Juyawa kawai, Yaya. Kafin ka fita, da in ka dawo."

"To, zan yi."

Ya yi washegari. Ya ƙara yi bayan kwana biyu. Daga nan sai ya koma tsayawa a bakin ƙofa yana cewa, "Baba, an tashi lafiya?" kafin a amsa ya kai zaure.

A wannan tsakanin Asibi ta ajiye aiki. Ta kama hannun Uwani ta ja ta bayan ɗakin magani, idonta ya kumbura.

"Na sa wa wani yaro ruwa, na ce wa uwar ina zuwa. Na je wajen mai naƙuda. Da na dawo uwar ta riga ta rufe shi da mayafi. Kin san abin da na fara ji? Daɗi na ji gado ya samu." Ta share hanci da bayan hannu. "Zan koma wurin yayata a Kontagora. Ki zo mu tafi tun muna da sauran tausayi."

"In na tafi, Sista Ladi fa? Baba fa?"

"Ke dai kika sani. Ni na gama."

Aikin mutum uku ya koma kan biyu. Uwani takan dawo gida ƙafafunta sun kumbura, kunnenta na ƙara. Ta ga inda fatar kwankwason Baba ta yi duhu, ta shafa masa man kaɗanya, ta ce gobe za ta zo da magani. Da gobe ta yi, ta manta. Da ta tuna, auduga da bandejin asibiti sun yi ƙaranci, ta kasa ɗauka. Gogewar safe ta koma ta fuska da hannuwa da gaba. Juyawar ta koma sai ranar da take da ƙarfi, ranakun ƙarfin kuma suka yi ta nisa da juna.

Sai wari ya fara.

Kowa a gidan ya ji, amma Uwani ce kaɗai ta san sunansa. Ta sha jin irinsa a ɗakin koyon aiki, ta san ba na fitsari ba ne. Ranar da ta fara jinsa ta tsaya a bakin ƙofa da farin kayanta, hannunta a kan asabari.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata. Tahi ki kwanta, idonki ya yi ja."

Ta san ba da sauƙi ba ne. Ta san ya faɗa ne don ya ga yadda take layi. Amma ta karɓi maganar kamar an miƙo mata ruwa, ta ce, "To Baba, da safe zan duba ka sosai." Ta je ta kwanta, barci kuma ya ɗauke ta nan take. Wannan barcin shi ya fi tsaya mata a rai daga baya.

Rakiya ta fara ajiye kaskon turare a bakin ƙofar. Inna ta sa aka mai da murhu ɗaya gefen gidan, ta ce hayaƙi ne ke damun tsohon. Aka saki asabarin ba a ƙara naɗe shi ba. In tsofaffin abokan sana'arsa sun zo gaishe shi, sai a tare su a zaure a ce ya samu barci.

Uwani ta lura kunun da take ba shi cokali biyu yake sha ya rufe baki. Ruwa ma sai ya jiƙa leɓe ya kau da kai.

"Baba, ka sha. Jikinka na bukata."

"Ba ni jin ƙishirwa."

Leɓensa duk ya tsage. Ta gane abin da yake yi: yana rage ci da sha ne don kada ya ɓata shimfiɗa ya kwana a ciki. Ta ajiye moɗar, ta gyara masa zane a ƙirji, ta fita. A hanyar asibiti ta yi kuka, da ta isa ta wanke fuska ta kama aiki. A ranar ma sai da ta nuna wa wasu mutane yadda za su riƙa juya mahaifinsu.

Abin ya zo ƙarshe ne ranar da ta zuƙi allurar wani ta nufi gadon wani. Sista Ladi ta riƙe mata hannu, ta karɓi sirinjin, ta ce ta tafi gida kada ta dawo sai gobe. Rana tana tsaka ta shiga gida. Daga tsakar gida ta ji haƙoran Baba suna kaɗawa. Jikinsa ya yi zafi kamar garwashi.

Garba yana zaure ya baje injin jirgi yana kwancewa.

"Yaya, zo ka kama mini shi. Yanzu."

"Bari in kai wa makaniki wanga ƙarfen, kar shi tashi. Yanzu zan dawo."

Ba ta jira ba. Ta naɗe asabarin, haske ya shiga ɗakin. Ta durƙusa, ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa da cinyarsa, ta tura. Zanen ya taso tare da shi, ya manne. Ta jiƙa shi da ruwa tana ɓamɓarewa a hankali. A ƙasan bayansa akwai rami da tafin hannunta zai shige, gefensa baƙi, tsakiyarsa tana motsi da tsutsa. A kwankwaso akwai wani, farin ƙashi ya leƙo.

Baba bai yi ƙara ba. Fuskarsa na bango ya ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. Na ɓata miki kaya."

Maƙwabta ne suka taimaka aka ɗora shi a amalanke. Inna ta miƙo sabon zane ta bayan ƙofa, ta ce a rufe shi da kyau kada mutane su gani.

Sista Ladi da kanta ta wanke mikin. Ta yanke mataccen naman da almakashi, Uwani tana riƙe da tasa. Da suka fito wanke hannu Sista Ladi ta tambaye ta.

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Sista."

"Kin sani."

Uwani ta dubi ruwan da ke zuba a hannunta. "Tun lokacin da Asibi ta tafi na ga wurin ya yi duhu."

Sista Ladi ta yarfe hannu ta goge a jikin rigarta. Ba ta yi faɗa ba, Uwani kuwa da faɗan aka yi mata da ta fi samun sauƙi.

Ba gado, sai aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakin maza, kusa da taga. Zazzaɓin ya ɗan sauka bayan an fara masa allurai. Uwani ta yi ta juya abin a ranta, har wata safiya suna sauya masa bandeji ta faɗa wa Sista Ladi.

"Zan ajiye aikin. In ya ɗan farfaɗo zan mai da shi gida in zauna da shi. Ina nan ina jinyar iyayen mutane, nawa ya ruɓe."

Sista Ladi ta ci gaba da naɗa bandejin. "In kin tafi, ni kaɗai ce. Kin ga barandar da idonki. Amma ba zan riƙe ki ba. Asibi ma ban riƙe ta ba." Ta ɗauki tasar ta wuce gado na gaba.

Uwani tana tattara kaya ta ji an kama bakin rigarta. Hannun hagun Baba ne, mai lafiyar.

"Kar ki mai da ni."

Ta sunkuya. "Baba, ni zan zauna da kai. Ba inda zan ƙara zuwa."

"Na ji. Kar ki mai da ni ɗakin can." Ya huta, ya tattaro kalmomin. Da ido ya nuna gadon da ke kusa, inda wani magidanci mai suna Jibrin ke jinyar mahaifinsa. "Wancan bawan Allah, in ya juya babanshi, sai shi juya ni. Ban roƙe shi ba. Matarshi ta ba ni fura jiya, da hannunta. Ba ta san ni ba."

"Baba, nan a ƙasa kake. Ko wurin taka ƙafa babu."

"Nan in na yi tari, wani na waigowa."

Ya saki rigar.

"Ki yi aikinki. In kin gitta ina ganinki. Ya ishe ni."

Ba ta ajiye aikin ba. Ba ta kuma iya cewa don marasa lafiya ta zauna ba, ko don Sista Ladi. Ta zauna ne don tsohon ya gwammace ƙasan asibiti da gidan da ya gina da hannunsa, ita kuma tana cikin waɗanda suka sa ya gwammace.

Garba yakan zo da gasasshen kifi a takarda, ya tsaya daga wajen ƙafa yana toshe hanci da hula. Ya dubi mutanen da ke kwance a baranda ya ce, "Wanga wane irin asibiti ne? Mutum kamar Baba a ƙasa, ba mai dubawa." Jibrin ya ɗaga kai ya dube shi, ya ci gaba da yi wa tsofaffin biyu fifita. Inna da Rakiya ba su zo ba, sun aiko da gaisuwa, sun ce ɗakin maza ne.

Baba ya koma shan ruwa, har yakan nemi ƙari. Amma mikin ya riga ya ci jiki, zazzaɓin yana tafiya yana dawowa. Wata safiya Uwani tana can ƙarshen baranda tana neman jijiya a hannun wata yarinya, Jibrin ya zo ya tsaya a bayanta har ta gama ɗaure ruwan. Sannan ya ce, "Malama, sai haƙuri. Na laƙanta mishi kalmar shahada, ya kuwa amsa."

Da ta isa gida bayan an ɗauko gawar, ta tarar ƙofar ɗakin Baba a buɗe. Rakiya tana ciki ta ɗaure zane a ƙugu tana goge daɓen da toka da ruwan zafi. Inna da kanta ta kwaso tabarmarsa da tsummokaransa, ta kai bayan gida ta cinna musu wuta kafin mutane su taru. Aka share, aka watsa sabon yashi, aka shimfiɗa tabarmar baƙi. Kafin azahar ɗakin ya fi kowane ɗaki a gidan tsabta, dattawan mata suka zauna a ciki suna jan carbi.

Bayan an dawo daga maƙabarta gidan ya cika. Uwani tana zagayawa da butar ruwa. Wata maƙwabciya ta tambayi Inna yadda abin ya faru, ta ce ai sun ji yana samun sauƙi.

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Asibitin nan ne. Ba ma'aikata, ba gado, a ƙasa anka yasar da shi. Ɗiyata ita kaɗai ina za ta iya? Muna nan muna lallaɓa abinmu. Da mun sani da ba mu bari an kai shi ba."

Matan suka yi ta jinjina kai. Wata ta ce haka aka yi wa ƙanenta bara. Rakiya ta ce ko kunu ba ya ƙarewa a ɗakinsa lokacin da yake gida.

Uwani ta ajiye butar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, da ciwon munka kai shi. A ɗakin nan bayansa ya ruɓe, muna gidan mu duka. A asibiti ne ya samu mai juya shi."

Carbin da ke hannun matan cikin ɗakin ya tsaya, ɗaya daga cikinsu ta dubi tabarmar da take zaune a kai. Daga zaure ana jin muryar Garba yana karɓar gaisuwa. Can wata tsohuwa ta ce, "Allah shi jiƙan shi," aka amsa da amin da ƙarfi fiye da yadda ake amsawa ɗazu.

Inna ta tashi ta shige ɗakinta. Uwani ta bi ta, ta tsaya daga bakin ƙofa. Inna tana zaune a bakin gado, ba ta kuka yanzu.

"Kin kyauta. A gaban mutane kin tona mana asiri, ni da wanki da matarshi."

"Ba ku kaɗai ba, Inna," in ji Uwani. "Ku kunya ta hana ku, kunka ce. Ni ba abin da ya hana ni. Na san abin da ke ƙarƙashin zanen, na je na kwanta."